Tambayoyi da amsoshi kan shirya asidin mai kafin a saka shi a na'urar GC

Wannan shafi na ɗalibai ne da ma'aikatan ɗakin gwaji a nan Damagaram da kewaye, masu son sanin abin da ke cikin man gyaɗa, man riɗi, man aduwa, man zogale ko man shanu. Na'urar kuromatogirafin gas, mai raba sinadaran samfur bayan ta mayar da su tururi, wadda wasu ke kira GC wasu kuma CPG, abin da aka ba ta shi take nunawa. Mafi yawan sakamakon da ke ɓaci a kan teburin aiki yake ɓaci, tun ba a ɗauki sirinji ba, shi ya sa muka fi daɗewa a kan shirin samfur.

Me ya hana a narkar da man a yi allurarsa kai tsaye?

Nauyi ne ya hana. A cikin mai, asidin ba a sake yake ba, uku-uku yake ɗaure a jikin gilisarol, kuma nauyin irin wannan ƙwayar ya kai wajen 880. A zafin da kolon na yau da kullum, wato siririn dogon bututun da tururin ke bi ya rabu a cikinsa, ke jurewa ba za ta zama tururi ba, sai ta zauna a mashigar na'ura ta ƙone. Ko da an kwance asidin, kansa mai ɗauke da COOH yana manne wa ɗan'uwansa, yana manne wa gilashi da bangon kolon, sai pik, wato tsinin da kowane sinadari ke zanawa a sakamako, ya fito da doguwar jela, wani lokaci ma ya ɓace. Idan aka toshe wannan kai da metil, an sami estar metil, wato FAME ko EMAG, wanda ke tashi da wuri ya fita tsaf. Tarihin na'urar kansa da asidin mai ya fara: a 1952 James da Martin suka raba gajerun asidin mai a aikinsu na farko, amma dogaye masu kabon 16 zuwa 24 da ke cikin man girkinmu sai da metil suke tafiya daidai.

Malam, hanyoyin sun yi yawa. Wace zan ɗauka?

Samfurinka ne zai zaɓa maka, kuma tambaya ɗaya za ka fara yi masa: nawa ne sakakken asid a cikinsa?

Hanyoyin sun kasu gida biyu. Na farko gidan alkali, wato KOH ko sodiyam metoksid a cikin metanol. Yana da sauri, ba ya buƙatar zafi sosai, ba ya taɓa siffar asidin, amma abin da ke ɗaure a gilisarol kaɗai yake juyawa. Sakakken asid kuwa sabulu yake mayar da shi, sabulun ya bi sashen ƙasa a zubar da shi. Na biyu gidan asid, wato HCl ko asid sulfurik ko BF3 a cikin metanol. Wannan yana juya ɗaurarre da sakakke duka, sai dai yana son zafi da lokaci, kuma yana lalata wasu asidin masu rauni.

Tataccen man kamfani yawanci sakakken asidinsa kaɗan ne, KOH ya ishe shi. Mizanin ISO 12966-2 ya ware hanyar gaggawa ga man da bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Man da aka matse a gida aka kawo Kasuwar Dole labarinsa daban ne. Idan gyaɗar ta sha damshi a rumbu, ko man ya daɗe a jarka cikin rana, asidin yakan kwance da yawa. Ga mai son kason kowane asid kawai, kashi 1 ko 2 ba zai sauya hoton sosai ba. Amma wanda zai rubuta giram nawa ne a cikin giram 100, ko mai nazarin tsohon mai da man suya, to ya koma gidan asid, in ba haka ba lissafinsa zai fito da giɓi bai san inda ya faɗi ba.

To yaya ake auna sakakken asidin?

Auna mai giram 5, narkar da shi a etanol mai ɗumi mililita 50 wanda aka riga aka kashe tsaminsa, ɗiga finolftalin, sannan ka riƙa ɗiga KOH ko NaOH mai ƙarfin mol 0.1 a lita har ruwan hoda ya tsaya na daƙiƙa 15 ko fiye. Ninka mililitan da ka ci da 0.1, ka ninka da 28.2, ka raba da nauyin man. Idan ka ci mililita 3.5, amsar ta kusa kashi 2 cikin ɗari a lissafin asid oleyik. Aikin minti goma ne, kuma shi ne ake yawan tsallakewa.

Yaya ake hanyar KOH daga farko zuwa ƙarshe?

Fara da haɗa sinadarin: KOH giram 13.1 a cikin busasshen metanol mililita 100 yana ba da kusan mol 2 a lita, domin ƙwayoyin KOH na kwalba kusan kashi 85 ne tsantsarsu. A wasu takardu za ka ga giram 11.2, wannan lissafin tsantsa ne. Idan haɗin ya yi gurɓi-gurɓi, bar shi ya kwanta ka tsiyaye na sama.

Auna mai miligiram 100 a bututun gilashi mai murfin murɗawa wanda cikinsa ke da shimfiɗar tefulon. Zuba heptan mililita 2, kaɗa har man ya narke gaba ɗaya. Man kaɗe ko kitse sai an ɗan ɗumama su, domin abin da bai narke ba KOH ba zai same shi ba. Zuba haɗin KOH mililita 0.2, rufe, girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Da farko zai yi fari-fari, can sai ka ga ya washe, ɗigon gilisarol ya sauka ya taru a gindin bututun. Wannan washewar ita ce alamar aiki ya yi. Bayan ƴan mintuna zuba sodiyam bisalfet kamar rabin giram zuwa giram ɗaya don kashe ragowar alkalin, girgiza, bari ya kwanta. Ɗebi mililita 0.1 daga sashen sama, ƙara heptan mililita 0.9, ka sami kusan miligiram 5 a mililita, daidai allura.

Kada a bar estar ya kwana tare da KOH. Da zarar juyin ya ƙare, alkalin zai koma kan estar ɗin da kansa ya fara warware shi.

Na bi matakan, amma ruwan ya yi kamar nono ya ƙi rabuwa. Me ya faru?

Ruwa ya shiga, ka yi sabulu. Abin da masu sabulun salo ke yi da gangan, wato mai da ruwan toka, shi ne ya same ka a bututu. Ruwan kan fito daga wuri uku: metanol da aka bari a buɗe, ƙwayoyin KOH da suka sha iska har suka fara gumi, ko bututun da aka wanke bai gama bushewa ba. A watan Yuli da Agusta abin ya fi yawa, domin KOH na jan damshin damina cikin mintuna kaɗan. Shanya gilashi a tanda a digiri 105, auna KOH da hanzari ka rufe kwalbar, kuma kada haɗin ya daɗe. Ka yi kaɗan, in ya tsufa ka sake sabo. Ruwan gishiri mai kauri mililita 1 ko 2 da juyi a santirifuj za su raba sassan, kuma ana iya ganin kaso da wannan. Ga lissafin nauyi kuwa sai an sake daga farko, don wani sashe ya riga ya tafi a sabulu.

Hanyar asid fa, wace ce ta fi dacewa da mu?

A ganinmu HCl a cikin metanol, irin wadda Ichihara da Fukubayashi suka bayyana a 2010, domin da HCl na kwalba mai kashi 35 ake yin ta, wanda kusan kowane ɗakin gwaji ke da shi. Ana zuba HCl mililita 9.7 a cikin metanol mililita 41.5, a sami haɗi mai kashi 8. A bututu a narkar da mai kaɗan, miligiram ɗaya ko ƴan miligiram, a toluwen mililita 0.2, a ƙara metanol mililita 1.5 da haɗin HCl mililita 0.3. A rufe da kyau a bar shi ya kwana a digiri 45, ko awa ɗaya a digiri 100. Idan ya huce a zuba heksan mililita 1 da ruwa mililita 1, a girgiza, a ɗebi na sama. Toluwen ɗin ba ado ba ne: mai ba ya narkewa a metanol, idan babu toluwen sai ya dunƙule a gindi, rabinsa bai juya ba.

Asid sulfurik kashi 1 shi ma yana aiki. Mililita 1 ake ɗigawa a hankali cikin metanol mai sanyi mililita 99, kwalbar tana zaune a ƙanƙara. Asidin ake kai wa metanol, ba a juya tsarin. Mai har miligiram 50 a toluwen mililita 1, haɗin mililita 2, kwana ɗaya a digiri 50. Washegari a ƙara ruwan gishiri mai kashi 5 mililita 5, a ciro da heksan mililita 5 sau biyu, a wanke da potasiyam bikabonet mai kashi 2, a busar da sodiyam salfet. Kada a tsallake wankin, don ragowar asid sulfurik na cin kolon.

Abu guda da za ka riƙe a duk hanyar da ke da zafi: kafin ka saka bututu a wuta, ja layi da alƙalami daidai inda ruwan ya tsaya. Metanol na tafasa a digiri 65, saboda haka a digiri 100 murfin ne kaɗai ke riƙe shi. Idan ka fito da bututu ka ga ruwan ya sauka ƙasa da layi, murfi ya yi yoyo, asidin ya yi kauri fiye da ƙima, ya ƙone masu rauni irin linoleyik. Zubar da shi.

Takardu da yawa BF3 suke ambata. Ba shi ne mafi kyau ba?

Shi ne ya fi shahara tun aikin Morrison da Smith na 1964, kuma yana da sauri. A tsarin da aka saba, mai miligiram 100 zuwa 250 ana tafasa shi da NaOH mai mol 0.5 a metanol mililita 4 har ɗigon man ya ɓace, a ƙara BF3 mai kashi 12 zuwa 14 mililita 5 a tafasa minti 2, a ƙara heptan a tafasa minti 1, sannan ruwan gishiri mai kauri ya ɗago estar sama. Matsalarsa tsufa. Ba ya daɗewa ko a firigo, kuma kwalbar da ta yi doguwar tafiya cikin zafi kafin ta iso Zinder ta riga ta ci wani ɓangare na ranta. Tsohon BF3 yana lalata asidin masu mahaɗi biyu da uku, irin linoleyik da linolenik, yana haifar da baƙin pik da ba na samfur ba. Ga tsada, ga guba a hayaƙinsa. Idan hukumar da za ta karɓi sakamakon ta wajabta shi, a gwada kwalbar da man da aka san kasonsa tukuna. In ba haka ba, ba mu ga dalilin wahalar da kai ba. Diyazometan kuwa kada ma a fara: yana fashewa, yana da mugun dafi.

Mene ne ma'aunin ciki, kuma yaushe ake zuba shi?

Asidi ne da babu shi a samfurin, ana zuba sanannen nauyinsa domin duk asarar da aka yi a hanya ta shafe su tare. A zuba shi tun farko, kafin kowane sinadari. Ga man tsirrai C17:0 ko C19:0 sun wadatar (lambar farko yawan kabon ce, ta biyu yawan tagwayen mahaɗi). Ga man shanu da kitsen rago ko na raƙumi C17:0 bai dace ba, domin dabbobi masu tuƙa suna da C15:0 da C17:0 nasu na halitta. A nemi C13:0 ko C19:0, kuma a fara yin allurar samfurin ba tare da ma'auni ba a tabbatar gurbin babu kowa.

Siffarsa ma abin lura ce. Wanda ya zuba sakakken C17:0 sannan ya bi hanyar KOH ba zai ga ma'auninsa ba sam, ya tafi a sabulu. Wanda ya zuba shi a siffar estar metil zai gan shi, amma ba zai gaya masa ko juyin ya kammala ba. Mafi kyau shi ne wanda ke ɗaure a gilisarol kamar man kansa. Wajen lissafi a tuna abin da na'ura ta auna estar ne: don komawa asid oleyik a ninka da 0.953, don falmitik da 0.948.

Malam, a man shanu ba na ganin C4:0, ko kuma ya fito ɗan mitsitsi.

Ya gudu ne. Asid butirik ya kai kashi 3 zuwa 4 na kitsen madara, amma estar metil ɗinsa na tafasa a digiri 102 kacal, kuma yana ɗan narkewa a ruwa. Duk wanda ya wanke da ruwa mai yawa, ko ya busar da heksan da iskar naitirojin, ya yi sallama da shi. Yi hanyar KOH a sanyi da heksan, kashe da busasshen bisalfet ba tare da ruwa ba, rufe kwalba nan take, fara tanda daga ƙasa, wajen digiri 60, don pik ɗin ya rabu da na heksan. Kuma FID, harshen wutar da ke gano abin da ya fito daga kolon, ba ya ba gajerun asidi haƙƙinsu, domin kabon da ke riƙe da iskar oksijin ba ya ba da sigina. Sai an gyara da ma'aunin da aka san nauyinsa. Wani dalilin guje wa asid a nan shi ne CLA, wani nau'in asid linoleyik na madara, wanda zafi da asid ke sauya wa siffa.

Man ƴaƴan kuka da na auduga fa?

Suna ɗauke da asid malbalik da siterkulik, masu ƙaramin zobe mai kabon uku. Asid da BF3 suna fasa zoben. Alkali a sanyi kaɗai, kuma ko a haka zafin mashiga na iya taɓa su.

Idan samfurin iri ne ko kilishi, ba mai ba?

Sai an ciro man tukuna. Ga gyaɗa, riɗi ko ƙwallon aduwa, a niƙa, a jiƙa rabin giram a heksan mililita 5, a girgiza, a tace; wannan ya isa ganin kaso. Sanin yawan mai kuwa sai Soxhlet, gilashin da ke ciro mai da tafasasshen sinadari na awoyi. Nama, kifi da madara suna son hanyar Folch ta 1957: kuloroform biyu, metanol ɗaya, ninki ashirin na samfurin, a wanke da ruwan gishiri mai kashi 0.9, man yana sashen ƙasa. Mai nazarin kilishi ya sani cewa labun da aka shafa masa na tunkuzar gyaɗa ne, don haka C22:0 da C24:0 da zai gani na gyaɗa ne, ba na saniya ba.

Ta yaya zan tabbatar juyin ya kammala?

Da farantin silika. Ɗiga ɗanyen man a gefe, estar ɗinka a gefe, ka tafiyar da su a heksan 90, sinadarin ita (ether) 10, asid asetik 1, ka saka a kwalbar tururin aidin. Estar yana hawa sama da man, sakakken asid yana can ƙasa. Idan tabon man bai ɓace daga layinka ba, da sauran aiki.

Wane kolon, wane zafi?

Ga man girki, kolon mai foliyetilin gilaikol mai tsawon mita 30 da faɗin milimita 0.25 ya isa. Raba sis da tirans, wato siffofi biyu na tagwayen mahaɗi, kuwa sai mai siyanofurofil na mita 100, irin SP-2560 ko CP-Sil 88. Tsarin da aka saba a kansa: digiri 140 na minti 5, hawa digiri 4 a minti har 240, mashiga 250, FID 260, allura mikrolita 1, rabon samfur a mashiga (split) 50 zuwa 100. Sunan pik daga haɗin ma'auni mai estar 37 ake samunsa, a kolon ɗinka, a ranar aikinka. Kada ka kwafi jeri daga takardar wani: a kolon mai mita 30 C18:3 na fitowa kafin C20:0, a mai mita 100 kuwa C20:0 ke riga shi, kuma C18:3 na maƙwabtaka da C20:1. A man gyaɗa wannan ruɗani kaɗai na iya sa a zargi mai tsabta da gauraye.

Me zafinmu da ƙura da ɗaukewar wuta ke yi wa aikin?

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sinadarin ita da fentan, masu tafasa a digiri 35 da 36, suna iya tafasa a kan teburi ba wuta. Heksan mai 69 ma yana tsere daga ƙaramar kwalba, samfur ya yi kauri. Shi ya sa muka fi son heptan ko isoktan masu tafasa kusa da 100, sai a man shanu inda suke rufe C4:0. Ruwan famfo a wannan lokaci ɗumi gare shi, ba ya sanyaya Soxhlet, sai an bi da shi ta ƙanƙara. Da hunturu ƙura ce abin tsoro: a rufe gilashi da takardar alminiyam, a kula da matatun gas. Idan wuta ta ɗauke tanda na da zafi, gas ya tsaya, iska ta shiga kolon ta ƙone shimfiɗarsa. Daga nan layin ƙasa zai riƙa hawa, pik su riƙa haɗewa. Batirin ko-ta-kwana da zai riƙe na'ura har ta huce ƙasa da digiri 50 bai kai asarar kolon na mita 100 ba. Metanol kuwa yana makantarwa, tururinsa ya fi yawa da zafi, don haka a akwatin zuƙe hayaƙi ake aikinsa, ko da an matsu.

Ina ganin pik da ba na samfur ba.

Yi gwajin wofi, wato duk matakan ba tare da mai ba. Falmitik da sitiyarik a wofi daga yatsu ne, ko sabulun wanki, ko man shafawa. Manyan pik can baya sau da yawa fitalet ne daga roba: murfi, tiyo, leda, jarkar da aka kawo samfur a ciki. Idan wofin ya fito da siffar samfurin jiya, man da bai juya ba ne ya taru a bututun gilashin mashiga. A canza shi da robar bakin allura, a yanke kamar rabin mita daga farkon kolon.

Kwana nawa estar zai yi a ajiye?

A kwalba mai duhu, cikin heptan, an kore iska da naitirojin, a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili, yana yin makonni. A ƙara BHT, sinadarin da ke hana iska lalata mai, miligiram 50 a lita don kare linoleyik da linolenik, a kuma san inda pik ɗinsa ke fitowa. Kada a ajiye shi a bushe. Inda firiza ke narkewa tana sake daskarewa, gara a juya samfur a ranar da za a yi allura.

Wannan gwaji zai nuna an gauraya man gyaɗa?

Sau da yawa yana nunawa. Man gyaɗa na da falmitik wajen kashi 8 zuwa 14, oleyik da linoleyik su ne mafi rinjaye, ga C22:0 kamar 1.5 zuwa 4.5 da C24:0 kamar 0.5 zuwa 2.5, linolenik kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Linolenik ya haura kashi 1, a zargi man waken suya, wanda ke da 4.5 zuwa 11. Falmitik ya yi tsalle, C22:0 ya ragu, a zargi tataccen manja mai wajen kashi 40, ko man auduga mai sama da 20. Lorik ya bayyana, alayyadi ne. Gauraye kaɗan, ƙasa da kashi 5, zai iya ɓuya a cikin bambancin irin gyaɗa da ƙasar da aka noma ta, don haka a kwatanta da man da aka matse a ɗakin gwaji daga gyaɗar yankin, ta Matamaye ko ta Magariya, kafin a ɗora wa wani laifi. Aflatoksin kuwa wannan gwaji ba ya ganinsa ko kaɗan, nasa gwajin daban ne da samfur daban.